Gaz ɗin firigo ma maganar makiyayi ce

A watan Afrilun bara, lokacin da zafin Yamai ke wuce digiri 40 tun kafin azahar, firigon da muke ajiye allurar rigakafi na wata ƙungiyar makiyaya da nake yi wa aiki ya daina sanyi. Aka kira mai gyara, ya ce gaz ya ƙare, ya ɗura wani daga butalin da babu ko rubutu a jikinsa. Kwana biyar firigon yana gurnani, a na shida injinsa ya ƙone cikin dare. Da safe na duba ma'aunin zafi, na san allurar awaki da tumakin da muka yi niyyar yi a wannan mako ta tashi aiki. Dole na mayar da mutanen da suka koro garkensu tun asuba.

Ranar na hau babur na nufi Maourey, ina bin shagunan kayan gyara da ke kewayen shataletalen. A can na ga butalai iri-iri, kowanne da lambarsa: R22, R134a, R404A, R600a, R290. Wani dattijo mai gyaran firigo ya zaunar da ni ya ce: "Ɗana, gaz ba man fetur ba ne, ba ya ƙarewa. In aka ce ya ƙare, akwai inda yake yoyo. Kuma kowane inji da nasa." Tun daga nan na soma bin diddigin maganar, ga kuma abin da nake so ƴan'uwana makiyaya da shugabannin ƙungiyoyi su sani.

Waɗannan gaz ɗin doka ce ta duniya ke tafiyar da su. A 1987 ƙasashe suka ƙulla yarjejeniyar Montreal don kare rufin ozon da ke tare mana mugun hasken rana. Ita ta kawar da tsohon gaz R12 a ƙasashe irin tamu tun 2010, kuma R22 ma an sa masa wa'adin 2030. A watan Oktoba na 2016, a Kigali ta ƙasar Ruwanda, aka ƙara wa yarjejeniyar wani babi a kan irin su R134a da R404A, waɗanda ba sa taɓa ozon amma suna ƙara ɗumamar duniya. Nijar ta amince da wannan babi a 2018. Bisa tsarin, daga 2024 ba za a ƙara yawan abin da ake shigowa da shi ba, a 2029 a rage kashi 10 cikin ɗari, har a kai ragin kashi 80 a 2045. Don haka mai shigo da gaz sai da takardar izini da ƙayyadadden kaso, ta hannun ofishin ozon na ma'aikatar muhalli, duwan kuma ta duba a bakin iyaka.

Dalilin ba ƙarami ba ne. Kilo ɗaya na R134a in ya tsere sama, ɗumamar da yake jawowa ta kai ta kilo 1,430 na iskar kabon. Na R404A, wanda ake yawan sa wa ɗakunan sanyi na ƴan kasuwa, ya kusa 4,000. Na R600a da R290 kuwa bai wuce 3 ba. Wanda ya ga yadda fari ke cinye makiyaya daga Filinge zuwa Abalak bai kamata a yi masa dogon bayani a kan ɗumamar yanayi ba.

Ni ina goyon bayan a shigo da sabon gaz, kuma dalilina na kusa shi ne lafiyar dabba. Allurar rigakafi tana son sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8. Daga LABOCEL, inda ake haɗa ta a nan Yamai, har ta kai wuyan saniya a ruga, in sanyin ya yanke a wuri ɗaya aikin ya lalace. Abin takaicin shi ne allurar da ta mutu ba ta nuna alama. Za a yi wa garke, a huda kunne, bayan wata uku ciwon huhu ya shigo, makiyayi ya ce rigakafi ƙarya ne. Duniya ta kawar da bushiya a 2011, yanzu ana son kawar da annobar awaki da tumaki zuwa 2030. Da firigo mai yoyo ba za mu kai can ba. Haka madarar da ake tarawa a cibiyoyin Hamdallaye da Kollo: tankin sanyi ya tsaya yini guda, kuɗin mata da yawa ya tafi. Tsohon gaz kuwa doka ce ke rage shi shekara bayan shekara, abin da ya yi ƙaranci kuma tsada yake yi, jabu ya cika kasuwa.

Na san abin da wasu ke faɗa a taron ƙungiya. Suna cewa manyan ƙasashe ne suka ɓata sama, mu ake sa wa biya. Suna cewa tsohon firigon da aka sauke daga Turai ya fi araha, balle tun 2023 da hanyar Kwatano ta samu cikas, kaya suna zagayowa ta Lome da Burkina Faso, komai ya ƙara kuɗi. Maganarsu da gaskiya a ciki. Amma araha ba ta ado. Firigon da ka saya da rabin kuɗi, in gaz ɗinsa ya gagara samuwa nan da ƴan shekaru, ya zama akwatin ajiye tsumma.

Akwai kuma gaskiyar da dole in faɗa: R600a da R290 suna kama wuta, domin dangin gaz ɗin girki ne. A ƙaramin firigo abin da ake sawa kaɗan ne, bai cika wuce giram 150 ba, amma mai gyaran da bai koya ba, ya kunna wutar walda a jikin bututun da bai zazzage ba, zai ji ciwo. Shi ya sa shigo da gaz kaɗai bai wadatar ba. Ina kira ga hukuma da masu ba da tallafi su haɗa shi da horar da masu gyara har a Tawa, Dakwaro da Difa, kada a tsaya a Yamai. A ba duwan na'urar gane gaz na jabu. Duk wanda zai ba ƙungiya firigo mai aiki da hasken rana, ya bar mata sunan wanda zai gyara shi da inda za a samu gaz ɗinsa.

Mu kuma ga namu aikin. Kafin ƙungiya ta sayi firigo, a juya bayansa a karanta lambar gaz da ke jikin injin. In R600a ko R290 ce, madalla, in R12 ko R22 ce a bar wa mai shi kayansa. A rubuta lambar a littafin ƙungiya. In sanyi ya ragu, mai gyara ya fara gano yoyon ya toshe kafin ya ɗura komai. Kada a yarda da butalin da babu rubutu, kada a gauraya gaz biyu, kada a sa sabon gaz a injin da ba don shi aka ƙera ba. A ajiye ma'aunin zafi a ciki, a duba safe da yamma, a rubuta. A tanadi akwatin ƙanƙara saboda ranar da wuta ta ɗauke.

Mu dai mun sayi sabon firigo mai R600a da kuɗin da mambobi suka tara. Lambar tana shafin farko na littafinmu, tare da lambar wayar mai gyaran da ya iya aikin. A taronku na gaba, ku sa wani ya juya bayan naku ya karanta muku.