Hira a Zaure: Agogon Uba

Ga Kirsimati ta matso, tasha ta cika, kowa ya ɗaure kaya ya nufi gida. Mu da ke zaune a ƙasar Daura mun saba ganin irin wannan komowa. Ran Sallar Gani, sa'ad da Sarki ya hau, mutane sukan ɓullo daga Kano da Legas, daga Zango da Baure da Mai'aduwa, har daga ƙetaren iyaka ta Kwangwalam, kowa yana neman gidan ubansa. Abin da maƙwabtanmu ke yi da Gani da Sallah, shi muke yi da Kirsimati. Amma fa a cikin masu zuwan nan akwai wanda in an hango shi a ƙofar gida sai gaban maigida ya faɗi. A kansa za mu yi hira yau, kuma wani wasan talabijin ne ya tuna mana da shi.

Manyan cikinmu sun tuna lokacin da akwatin talabijin ɗaya ke ɗaukar unguwa guda. Da magariba yara su cika tsakar gida, manya a kan tabarma, ana jiran Samanja Mazan Fama daga Kaduna. Usman Baba Pategi, wanda ya fito a Samanja, soja ne na gaske. Ya bar aikin soja a 1985, ya rasu a Kaduna a watan Nuwamba na 2023. Da Hausarsa mai gauraye da Turancin bariki ya sa arewa duka dariya, da Musulmi da Kirista a tabarma ɗaya.

To, ashe mutanen Ingila ma suna da nasu Samanja. Sunan wasan Dad's Army, wato Rundunar Baba. Gidan BBC ya nuna shi daga 1968 zuwa 1977, kashi 80, Jimmy Perry da David Croft suka rubuta. Labarin waɗansu tsofaffi ne da yaƙin duniya na biyu ya bari a gida, suka zama 'yan sa-kai masu tsaron wani ƙaramin gari a bakin teku. Shugabansu Kyaftin Mainwaring, ana kiran sunan Manarin, manajan banki ne, gajere, mai ƙiba, mai son girma ƙwarai. Al'adar Ingila ce a shirya wa irin waɗannan wasanni kashi na musamman domin Kirsimati, iyali su zauna su kalla bayan cin abinci. Abin ba ƙarami ba ne a wurinsu: a ƙarshen Disamba na 1996 mutum fiye da miliyan 24 suka kalli wani kashi na wasan Only Fools and Horses.

Kashin da muke nufi an nuna shi ran 26 ga Disamba, 1975, sunansa My Brother and I, wato Ni da Ɗan'uwana. Kyaftin ya shirya liyafa domin manyan gari da hafsoshi. Ya ja wa mutanensa kunne a kan shan giya, ya kuma yi ta yabon asalinsa, wai ubansa babban tela ne. Ana cikin haka sai ga ɗan'uwansa Bari ya sauka daga jirgin ƙasa. Bari mashayi ne, sana'arsa yawon tallan kayan wasa da ba'a. Shi ya tona cewa ɗan ƙaramin kantin yadi ne kurum uban yake da shi. Abin da ya kawo shi kuwa agogon aljihu ne na uban, wanda ke hannun Kyaftin, shi kuma Bari yana cewa nasa ne domin shi ya yi jinyar tsohon.

Kyaftin ya ba shi agogon da sharaɗi ya bar gari a jirgin dare. Ina! Sai ga Bari a wurin liyafa a buge. Tsofaffin nan suka yi ta fama, su ɓoye shi nan, su tura shi can, kada manyan baƙi su gan shi. A cikin hargitsin Saja Wilson ya karɓo agogon ya miƙa wa maigidansa. Nan dariya ta tsaya. Kyaftin ya dubi agogon, ya ce a mayar wa ɗan'uwansa, a yi masa fatan alheri.

Wani abu kuma da ya kamata ku sani, mutum ɗaya ne, Arthur Lowe, ya fito a Kyaftin ya kuma fito a Bari. Fuska ɗaya, jini ɗaya, sai dai wannan da kaki a goge, wancan da kwalba a aljihu.

Mun yi dariya, amma da muka koma ɗaki sai muka tuna da kanmu. Wata shekara a gidanmu an yanka rago, an gayyaci dattawan ikilisiya da maƙwabta. Da hantsi sai ga wani ƙanenmu da ya daɗe a bariki, riga a yage, baki yana wari. Muka ja shi bayan rumbu, muka damƙa masa kuɗin mota, muka ce ya tafi kafin baƙi su iso. Ya karɓa bai ce kome ba. Uwarmu ce ta tare shi a zaure, ta ce, "Ina za ka, ɗana? Wuce ciki ka wanke fuska." Ta juyo gare mu ta ce, "Ku da shi nono ɗaya kuka sha." Ranar ya ci tuwo tare da mu a akushi ɗaya. Baƙi kuwa ba wanda ya tashi.

Ba mu ce shan giya ba laifi ba ne, ba mu kuma ce a bar mashayi ya watsa taro ba. In ya zo a buge, a kai shi ɗaki ya kwanta, a ajiye masa abincinsa, a yi masa faɗa da safe sa'ad da kunnensa ke ji, kuma a keɓe, ba a gaban yara ba. In akwai maganar gado tsakaninku, gona ce ko agogo, kada a tā da ita ran biki, kada kuma a binne ta. A sa rana, a kira kawu ko baffa, a raba da gaskiya. Sau da yawa abin da ke kawo irin su Bari gida cikin fushi shi ne wani hakki da suke ganin an danne musu.

Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Mu kuwa da muke bikin haihuwar Wanda aka kwantar a komin dabbobi domin ba a sami wuri a masauki ba, bai kamata a rasa wuri a gidanmu ba. Saboda haka, maigida, kafin ka ƙidaya kujerun baƙi, ka tuna da wanda ba ka aika wa ba. Uwargida, ki ƙara mudu ɗaya a tukunya. In ba a san inda yake ba, a yi cigiya tun yanzu, da sauran kwanaki.

Allah ya kai mu Kirsimati lafiya. Sai mun sadu a wata mai zuwa.