Farce ya yi kauri? A duba ƙoda kafin a sha magani

Makon jiya wata mai sayar da kifi a Nguru ta miƙo mini hannunta: farata biyu sun yi kauri, sun koma ruwan ɗorawa, suna marmashewa. Wata uku tana shafa kirim, tana rufewa da lalle. Fungas ne, dangin makero, kuma hannun da ke wuni cikin ruwa yake so.

Kirim ba ya ratsa farce sosai, mai sitiroyid kuwa rura cutar yake yi. Maganin da aka fi bayarwa shi ne Terbinafine, 250mg kullum har mako 6. Amma fa ba ƙwayar da za a saya a kyamis a haɗiye ba ce. Tana iya taɓa hanta, kuma ba a so mai raunin ƙoda ya sha. Wanda ya san yadda ciwon ƙoda ya addabi Gashua ba zai yi wasa da wannan ba. A je FMC Nguru ko asibitin Gashua a yi gwajin jini tukuna. Mai ciki da mai shayarwa su dakata.

Ko an gama shan maganin, sai kusan wata 6 sabon farce zai cika. Lallen kuma a dakatar da shi kafin ganin likita, don ya ga ainihin launin farcen.