DAGA BAKIN ALLO: Aikin gashin ciwon daji na neman 'ya'yan Zango

 A wannan wata ina so mu tattauna a kan wani aikin asibiti da ba mu cika jin sunansa a Zango ba, alhali kuwa buƙatarsa ta riga ta shigo mana har cikin gida.

Kowace shekara idan lokacin zaɓen makarantar sakandare ya ƙarato, nakan tambayi 'yan ajina na ƙarshe abin da kowa yake so ya zama. Masu ƙoƙari a lissafi da kimiyya duk bakinsu ɗaya ne, wato likita. Wanda ya ga likitanci ya yi masa nisa sai ya ce nas. In kuwa aka rasa biyun nan, shi ke nan, sai yaro ya nannaɗe tabarmar karatu ya nufi kasuwa, kamar dai asibiti ƙofa biyu kaɗai gare shi.

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana shi ne wata dattijuwa, maƙwabciyarmu, da ciwon daji ya kama ta a mama. Aka yi mata aiki, sannan aka ce ta riƙa zuwa gashi kullum har mako biyar. Ta yi mako biyu ta daina. Da muka je gaishe ta, sai ta ce fatar wurin ta yi baƙi, ita ta gane ƙona ta ake yi, kuma in ba cuta ba ce me ya sa kowa yake fita ya bar ta ita kaɗai a ɗaki da na'ura? Ma'aikatan sun yi mata bayani daidai gwargwado, to amma ba ta jin Turanci, Tonancinta kuma na cinikin kasuwa ne. Jikanta ɗan shekara 12 ne tafinta, kuma kun san akwai maganar da tsohuwa ba za ta yi a gaban jikanta ba. Bayan watanni ta koma, ciwo ya riga ya ci ƙarfinta. Har yau nakan ce da akwai 'yar Zango ɗaya a wannan ɗaki, wadda za ta riƙe hannunta ta ce, "Inna, baƙin fatar nan ba abin tsoro ba ne, ki daure ki ƙarasa," da wataƙila ta cika makonninta biyar.

To mene ne gashin nan? Ba wuta ba ce, ba kuma garwashi ba. Wani haske ne da ido ba ya gani, ɗan'uwan wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi, sai dai ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Wani masani Bajamushe, Röntgen, shi ya gano irin wannan haske a 1895, ba a kuwa daɗe ba likitoci suka fara gwada shi a kan ciwon daji. Hasken yana lalata ƙwayoyin ciwon ta yadda ba za su ci gaba da hayayyafa ba. Lafiyayyun ƙwayoyin jiki su ma yana taɓa su, amma sun fi na ciwon iya farfaɗowa, shi ya sa ake rarraba gashin kaɗan kaɗan, yawanci kwana biyar a mako, har makonni da dama. Wanda ya tsinke a tsakiya ya ba ciwon damar sake tsirowa. Masana sun ƙiyasta cewa kusan rabin masu ciwon daji suna buƙatar gashi a wani mataki na jinyarsu.

Mutum uku ne ginshiƙan wannan aiki. Likitan ciwon daji shi ke faɗin wurin da za a gasa da yawan hasken da za a bayar. Masanin fizik na asibiti shi ke auna na'ura ya tabbatar lissafi ya yi daidai. Na uku shi ne ma'aikacin gashi, wanda nake magana a kansa. Shi ke ɗaukar hoton da ake tsara jinya a kansa, ya yi alama a fatar majinyaci, ya kwantar da shi kullum daidai yadda aka kwantar da shi ranar farko, domin kaucewar da ba ta kai faɗin yatsa ba tana iya sa haske ya bar ciwo ya sami lafiyayyen wuri. Shi ke kunna na'ura, kuma shi majinyaci yake gani kowace safiya, don haka shi ne farkon wanda zai lura in fata ta fara sauyawa ko zuciya ta fara karaya.

A nan Gana an buɗe cibiyar gashi ta asibitin Korle Bu da ke Ankara a 1997, da taimakon hukumar makamashin nukiliya ta duniya. Ta asibitin Komfo Anokye da ke Kumasi ta fara aiki a 2004, inda masu ciwo daga arewacin ƙasa suka riƙa gangarowa. Cibiyoyin nan kuwa kusa suke da manyan zangunanmu, irin su Nima da Sabon Zango da Aboabo.

Yanzu ga hanyar, iyaye ku saurara da kyau. Shawarar ba a ƙofar jami'a ake yanke ta ba, tun wajen cika takardar zaɓen makaranta na jarrabawar BECE ake yanke ta. Dole yaro ya ɗauki sashen kimiyya a sakandare, ya riƙe fizik da kemistiri da bayoloji da lissafi, ya fito da sakamako mai kyau a WASSCE, har da Turanci. Tun 2017 gwamnati ta ɗauke kuɗin makarantar sakandare, saboda haka wannan uzuri ya ragu. Daga nan sai Jami'ar Gana, wadda ke da sashen koyar da aikin hoton asibiti da na gashi a makarantarta ta ma'aikatan lafiya da ke Korle Bu. Karatun digiri ne na shekara huɗu, ana haɗa aji da aiki a gaban majinyata. Bayan an gama akwai aikin gwaji da hidimar ƙasa, sannan sai hukumar da ke kula da irin waɗannan ma'aikatan lafiya, wadda aka kafa bisa dokar 2013, ta ba mutum lasisi.

Yarana sukan tambaye ni amfanin lissafi. To ga shi. Tsofaffin na'urorin gashi suna aiki da wani ƙarfe mai suna kobalt-60, wanda ƙarfinsa ke raguwa da rabi duk bayan shekara biyar da 'yan watanni, don haka lokacin gashi sai ya riƙa ƙaruwa bisa lissafi. Sababbin na'urori kuwa da lantarki suke samar da hasken, kwamfuta ke tafiyar da su. Wanda ya raina lissafi da kwamfuta ba shi da wuri a wannan ɗaki.

Na san abin da wasu iyaye mata za su ce: hasken nan ba zai hana 'yarmu haihuwa ba? Ma'aikaci ba ya cikin ɗakin lokacin da na'ura ke aiki. Yana bayan katanga mai kaurin gaske ta kankare, yana kallon majinyaci ta talabijin, yana yi masa magana ta amsa-kuwwa. Yana kuma maƙale da wata 'yar na'ura a rigarsa da ke auna duk hasken da ya same shi. Shi ma majinyacin da aka gasa daga waje ba ya komawa gida da hasken a jikinsa, yana iya ɗaukar jikokinsa.

Ba zan ɓoye muku ba, cibiyoyin gashi ba su da yawa a ƙasar nan, don haka guraben aiki ma ba su da yawa, kuma aiki ne mai son ƙarfin zuciya, don ba kowane majinyaci ke tashi ba. Amma ciwon daji na mama da na bakin mahaifa su ne suka fi addabar matan Gana, kuma iyayenmu mata sun fi sakin jiki da 'yar'uwarsu mace mai jin harshensu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke shiga, tsagar da ke wajenmu kuwa ita ce rashin namu a wurin.

Saboda haka duk mai yaro ko yarinya a ajin ƙarshe, kada ya sa hannu a takardar zaɓen makaranta sai ya zauna da malamin kimiyya sun yi shawara. Ƙungiyoyin matasa da sarakunan Zango su ma su duba yadda za su tallafa wa ko da ɗalibi ɗaya da kuɗin jami'a.