Zuriyar Annabi Ibrahim a Kasuwar Jega

Duk wanda ya ga yadda raguna suke cika kasuwar Jega in Babbar Salla ta gabato, ya san jama'a ba su saki sunnar Annabi Ibrahim ba. Abin da galibinmu ba mu lura da shi ba shi ne, labarin ragon nan yana cikin littafin Farawa, babi na 22, wanda Yahudawa da Kirista suke karantawa. Musulmi sun tafi a kan cewa Isma'ila aka fansa, su kuwa suka ce Ishaku ne. Amma uban ɗaya ne, kuma biyayyarsa ga Allah kowa yake yabawa.

Ba sai an je Ƙudus za a ga wannan dangantaka ba, tana nan a bakinmu. Kalmar Asabar daga Larabci take, tushenta ɗaya da ranar hutun Yahudawa. Manomin Maiyama ya raɗa wa ɗansa Musa ko Yakubu, Kiristan ƙasar Zuru shi ma haka. Littafi Mai Tsarki da aka kammala fassarawa da Hausa a 1932, da sunan Allah ya ambaci Mahalicci. Kaciya da ƙin naman alade kuwa, Musulmi da Bayahude duk sun yi tarayya a kansu.

Tarihin Musulunci ma shaida ne. A wajejen shekarar 615, da azabar Ƙuraishawa ta tsananta, wurin Najashi, sarkin Habasha Kirista, aka tura sahabbai neman mafaka. Baitul Muƙaddas Musulmi suka riƙa fuskanta a salla kafin a juya alƙibla zuwa Ka'aba a shekara ta biyu bayan Hijira. Sura ta 19 a Alƙur'ani mai girma sunan Nana Maryamu take ɗauke da shi, kuma babu annabin da aka fi yawan ambata a cikinsa kamar Annabi Musa.

Kada a ce muna gwamutsa addinai. Bambanci yana nan, kuma ba ƙarami ba ne. Kirista ya ce Almasihu Ɗan Allah ne, Musulmi ya ce Annabi ne kuma bawan Allah, Bayahude bai karɓe shi ba sam. Kowa ya riƙe nasa. Sai dai saɓanin aƙida bai halatta wa kowa jini ko dukiyar maƙwabcinsa ba.

To, me ya sa muke wannan tuni? Saboda mun ga abin da jahilci ya haifar a Kafanchan a 1987 da Kaduna a 2000. Albasar Aliero har Kudu take kaiwa, fatake kuma suna zuwa da kuɗinsu bisa amana. Ranar da wani mai wa'azi ya hura wutar gaba, manomi ne zai fara ganin albasarsa tana ruɓewa a rumfa. Ko masu ɗorin Aliero, ƙashi suke dubawa, ba addinin mai karaya ba.

Saboda haka muna kira ga limamai da fastoci da malaman makarantu na Jega da Aliero da Maiyama, su koya wa yara inda aka haɗu kafin su nuna musu inda aka rabu. Zaman lafiya dai ya fi zama ɗan sarki. Allah ya sa mu gane, amin.