Waken GMO: wa zai liƙa wa mudu takarda?



Maganar abincin da aka sauya wa ƙwayoyin halitta, wato GMO, ta baro rediyo ta iso rumfunanmu. Yau idan mai saye ta tsaya a Mile 12 ko Bodija ta tambayi ɗan uwanmu ko wakensa na GMO ne, me zai ce mata? Bai sani ba. Dillalin da ya loda masa buhun a Dawanau ma bai sani ba.

Irin kuwa yana gona. Tun 2019 gwamnati ta amince da waken SAMPEA 20-T na cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, Zariya, wanda tsutsar wake ba ta iya yi masa ɓarna sosai. A 2024 aka saki masarar TELA. Manomin da feshi ya cinye wa jari yana da hujjarsa idan ya shuka su, ba mu ga laifinsa ba. Ko suna da illa ko babu, wannan aikin masana ne, su ci gaba da fafatawa.

Namu ƙorafin a kan alama ne. Hukumar NBMA, wadda aka kafa a 2015, ta sha cewa dole a rubuta a jikin kayan GMO. To, a jikin me? Kwali da gwangwani na manyan kantuna suna ɗaukar rubutu. Mu da mudu da tiya muke awo, kuma buhu guda kan haɗa waken gona biyar tun daga kasuwar ƙauye.

Mun san yadda abin ke ƙarewa. A 2018 da bidiyon zuba Sniper a wake ya zagaya, ba a tsaya tantance mai laifi ba, duk Bahaushe mai sayar da wake ya sha zargi, ciniki ya ja baya. Idan gobe aka tayar da jita-jitar GMO, a kanmu za ta sake faɗowa, mu da muke zaune a garin mutane.

Don haka muna kira ga hukuma ta fara alamar daga tushe: kamfanin iri ya bayyana wa manomi abin da ya saya, a buga tambari a buhu tun daga Dawanau, da Hausa, da Yarbanci, da Ibo. Shugabannin kasuwar hatsi su shiga maganar, don su ke da iko da dillalai.

Kafin nan, 'yan uwa masu awo, kar wanda ya rantse wa mai saye a kan abin da bai sani ba. Ka gaya mata garin da wakenka ya fito da wanda ya sayar maka.