Wasan Baƙi, Bashin Masu Gida

'Yan'uwa manoma, sau biyu ke nan Abuja tana neman a ba ta Wasannin Ƙasashe Renon Ingila ba ta samu ba. A 2007 Glasgow ta kayar da ita a neman na 2014, a 2025 kuma aka ba Ahmedabad ta Indiya na 2030. Waɗansu sun ji zafin abin. Mu dai ba mu ga asara a ciki ba, za mu kuwa faɗi dalilinmu, gama kuɗin da ake yin irin wannan biki da shi daga asusun da ake gyara hanyoyinmu yake fitowa.

Masu goyon baya suna da hujja, bai kamata mu rena ta ba. Suna cewa baƙi za su zo da kuɗi, magina da direbobi za su sami aiki, a shimfiɗa tituna, duniya ta san sunan garin. Haka ne. Amma baƙo na mako biyu ne ko uku, ginin kuwa yana nan yana cin kuɗin gyara har jikoki.

Ku dubi Montreal ta ƙasar Kanada. Ta karɓi Wasannin Olimfik a 1976, ba ta gama biyan bashin ba sai 2006, watau shekara 30, har da harajin taba aka haɗa. Los Angeles ta Amurka kuwa da ta karɓa a 1984, sai ta gyara tsohon filin da aka yi wasannin 1932 a cikinsa, ta saukar da 'yan wasa a ɗakunan kwanan jami'o'i, ta tashi da rarar da ta wuce dala miliyan 200. Wasa iri ɗaya ne. Ɗaya ta gina sabo, ɗaya ta yi aiki da abin da ke hannu.

A gida ma mun ga duka biyu. A 1999, da Nijeriya ta karɓi gasar ƙwallon matasa ta duniya, an yi wasanni a Kaduna da Kano da Bauchi. Bayan baƙi sun tafi, filin Kano yana da Kano Pillars, na Bauchi yana da Wikki Tourists, ana sayen tikiti, mai tsire da mai rake suna ciniki a bakin ƙofa. Amma babban filin Abuja da aka gina domin Wasannin Afirka na 2003, mai ɗaukar mutum wajen 60,000, bai sami ƙungiyar gari da za ta riƙa cika shi ba. Ciyawarsa ta lalace har sai da Aliko Dangote ya sa kuɗinsa aka gyara, ƙungiyar ƙasa kuwa ta riƙa kai wasanninta Uyo. Na Surulere a Ikko, inda aka yi Wasannin Afirka na 1973, shi ma ya yi shekaru a yashe.

Wannan lissafi ba baƙo ba ne gare ku. Kowace ƙungiyar gama kai da ta taɓa cin bashi ta sayi injin niƙa ta san cewa ba ranar buɗewa ake duba ba. Ana tambaya buhu nawa zai niƙa a mako, wa zai sayi mai, wa zai gyara in ya tsaya. Abin mamaki, tambayar da sakataren ƙungiyar ƙauye ba ya mantawa, ita ce manya suke tsallakewa.

To, manomi fa, ina rabonsa? Lalle baƙi za su ci ƙwai da tumatir da dankalin Bokkos. Sai dai manyan masaukai ba sa saye a hannun mai kwando ɗaya. Dillali suke ba kwangila, shi kuma ya zo kasuwarmu ya saya da farashin da ya saba. Ƙungiyar da ke iya tara kaya da yawa, iri ɗaya, ta kai kan lokaci, ita kaɗai za ta ɗanɗana, kuma irin wannan ƙungiya tana da masu saye ko ba wasa. Kada wani ya ƙara kadada ko ya ci bashin kaji domin ya ji an ce baƙi suna zuwa.

In maganar neman wasa ta sake tashi, wakilanku za su zo gida neman ku yi murna. Ku sa sakatarenku ya tambaye su a gaban taro: filin da ake da shi za a gyara ko sabo za a gina, wace ƙungiya za ta yi wasa a ciki bayan biki, kuma daga kason wace ma'aikata za a cire kuɗin. Ya rubuta amsar a littafin taro, da kwanan wata.