Ba kunya ba ce, tsoro ne

Akwai wani yabo da muke yi wa yara a ƙasar Magarya da Dungas wanda ya fara ba ni haushi. Yarinya ta daina zuwa gidan suna, in an yi baƙi ta shige ɗaka, sai uwa ta ce, "Ai wance akwai kunya." Yaro ya koma bencin baya, wata uku bai ɗaga hannu ba, sai mushe ya ce natsattse ne. Iyaye da malamai, a sake dubawa.

Kunya mun san ta. Mai kunya tana sunkuyar da kai, amma tana zuwa ta durƙusa ta yi gaisuwa. Wannan daban ne: gaba na faɗuwa, tafin hannu na gumi, murya na rawa, yaro ya kwana yana juya kalma ɗaya da ya faɗa jiya. Likitocin ƙwaƙwalwa sun daɗe da sanin wannan tsoron idon jama'a, kuma yawanci da balaga yake farawa, wato daidai shekarun ɗan CEG.

Ba salula ce ta ƙirƙiro shi ba, na yarda. Abu ɗaya ta sauya, amma babba ne. A da, kuskure yana mutuwa inda aka yi shi. Yaro ya kwafsa Faransanci gaban allo, aji ya yi dariya, kafin a tashi an manta. Yau wani ya danna naɗi a ƙarƙashin tebur. Kafin la'asar muryar tana gurup ɗin aji, da dare samari na jin ta a fada kan shayi, daga Bande har Sasumburum, gobe yayansa da ke ci-rani a Kano ya bugo yana dariya. Ko lokacin da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin 2023, babu shingen da ya tare saƙon murya zuwa Babura ko Maigatari. Kuma a nan ba baƙo ne ke yi maka dariya ba. Wanda ya san sunan ubanka ne, wanda za ku haɗu a masallaci. In yarinya ce, hoto ɗaya da aka yi wa ba'a yana iya biyo ta har ranar da aka zo neman aurenta. To yaron da ya yi shiru a aji ba wawa ba ne, lissafi ya yi.

Sai kuma gasar da ba ta ƙarewa: ɗinkin sallar wance a status, mutum nawa suka kalli nawa, me ya sa alamar ta yi shuɗi ba a ba ni amsa ba. A 2021 Frances Haugen ta fitar da takardun cikin gida na Facebook, aka ga kamfanin da kansa ya san Instagram na sa wasu ƴan mata ƙara ƙin jikinsu. Ƴarka ba ta fi waɗancan taurin zuciya ba.

Inda nake da faɗa da manya shi ne nan. Wa ke tura bidiyon ɗalibar da ta kasa karatu? Sau da yawa mu ne, a gurup ɗin dangi da na malamai, har da alamar dariya. Yaro na kallo, ya gane abin da zai same shi in ya yi tuntuɓe. In kuma abin ya fito fili, maganinmu bulala da ƙwace waya. Na taɓa ganin an karanta saƙonnin wata ɗaliba da ƙarfi a gaban tuta, wai don ta zama darasi. Wanda tsoron tozarci ya kama, ka yi masa magani da tozarci? Wasu kuma nan take su ce iska ce. A yi addu'a, babu mai hanawa, amma a tambayi yarinyar me aka ce mata a waya.

Kada mu jira hukuma. Ostareliya ta yi doka a 2024 ta hana ƴan ƙasa da shekara 16 shiga waɗannan shafuka. Mu da yaro ke amfani da layin yayansa, wa zai duba? Dokarmu ta 2019 kan laifukan intanet tana hukunta ɓata suna, amma ba ta mayar da yaro bencin gaba. Abin da ke hannunmu ya fi kusa. Faransa ta hana waya a makarantun firamare da kwaleji tun 2018, kuma COGES na kowace makaranta na iya yanke haka a zama ɗaya, da sharaɗin mushe ma ya ajiye tasa. Aji ya zama wurin da ake iya kuskure ba a naɗa ba.

Wannan tsoro gudu ke ciyar da shi. Duk ranar da yaro ya kauce wa mutane yakan ji sauƙi, gobe kuma abin ya ƙaru. Don haka kada a bar shi a ɗaka, kada kuma a jefa shi gaban allo da ƙarfi. Malam, gaya masa tambayar tun jiya, ya amsa daga zaune. Mako mai zuwa cikin mutum uku, sannan allo. Uwa, ki aike ta gidan maƙwabta, daga baya kasuwa, in ta dawo kada a tsare ta da tambayoyi. A nuna musu yadda ake kashe alamar shuɗin nan ta WhatsApp, a gaya musu fita daga gurup ɗin da ake cin mutunci ba laifi ba ne, waya kuma ta kwana ɗakin uwa, har da ta uban in zai iya.

In abin ya kai yaro ya daina ci, ya daina barci, ko ya ce ya gaji da duniya, ba maganar mako mai zuwa ba ce. A ranar za a kai shi likita, kuma babba ya zauna tare da shi har a gan shi.